Iskar Gidan Alhaji Audi

"Ranar Juma'a iyayen Dado za su zo daga Balbeji. Na riga na ba su rana, kuma ba na son in ƙara jin wani suna a gidan nan in ba nasa ba."

Ramla tana durƙushe a gefen tabarma, kanta a ƙasa. Mahaifinta, Alhaji Audi, ko dubanta bai yi ba, carbinsa kawai yake ja da sauri.

"Baba, don Allah ka saurare ni..."

"Shekara uku ina saurarenki. Ke ba yarinya ba ce, malama ce a lakwal, 'ya'yan mutane kike koya wa hankali. Na ce ki kawo duk wanda kike so a faɗin Damargu, ko makiyayi ne mai akuya biyu zan ba shi, ban da mutum ɗaya. Kin ƙi. To ni na kawo."

"Baba, Abdulmajid bai yi..."

"Kul!"

Carbin ya tsaya cak.

"Wanda ya cinye min ɗa, shi zan ɗauki 'ya in ba? Tashi ki ba ni wuri."

Ta tashi ta fita. A tsakar gida ta kawar da kai kamar yadda kowa yake yi, don kada idonta ya faɗa kan bangon ɗakin yayanta. Amma ido ba ya jin magana. Tabon yana nan, baƙi ƙirin, ya kai tsayin mutum. Sau biyu ana shafe shi da farar ƙasa, sau biyu yana sake fitowa.

Duk Tanut an san labarin tabon nan, sai dai kowa da yadda yake ba da shi.

Abdulgani, yayan Ramla, shi ne ɗan fari kuma namiji tilo a gidan. Amininsa Abdulmajid ya koyo gyaran firji da kilim, wato injin sanyaya ɗaki, a Damagaram, ya dawo ya buɗe shago a bakin kasuwa. Abdulgani ya bar rumbunan geron ubansa ya bi shi, wai shi ma sana'ar yake so. A lokacin babu wanda bai san Abdulmajid ne zai auri Ramla ba. Alhaji da bakinsa yake kiransa "surukina" yana dariya.

Watan Abdulgani shida yana koyo, sai kilim ɗin ɗakinsa ya mutu a tsakiyar bazara, ga manyan baƙin Alhaji za su sauka a ɗakin. Kwamfiresa ce ta ƙone, wannan baƙar tukunya da ke cikin akwatin waje, wadda take tura gas ɗin sanyi cikin bututu. Abokan biyu suka cire ta suka liƙa sabuwa. Daga nan Abdulmajid ya ce a dakata, ya nufi tasha, kuma mutane da yawa sun ji abin da ya ce wa direban Damagaram:

"Iska zan je in ɗauko, gobe zan dawo."

Kafin ya dawo an binne Abdulgani.

Da azahar ɗin ranar aka ji ƙara har kasuwar dabbobi. Mahaifiyarsu, Hajiya Yagana, ita ta fara isa, ita ta tallafi kan ɗanta, ita kaɗai ta ji maganarsa ta ƙarshe. Da aka tambaye ta, sai ta ce, "Cewa ya yi, iska ce."

To, ka san mutane. Wannan ya ce iska zai ɗauko, wancan ya ce iska ce. Kafin sadakar uku an haɗa maganganun biyu an ɗinke su tsaf: Abdulmajid ya ba da amininsa ga iskoki don shagonsa ya bunƙasa. Ramla tana makarantar malamai a Damagaram lokacin. Ta dawo ta tarar ba yaya, ba miji.

Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne, Abdulmajid bai taɓa tsayawa ya kare kansa ba.

Ta sami mahaifiyarta a ƙofar ɗaki, kan 'yar kujera, tana fuskantar tabon. Ita kaɗai ce a gidan ba ta kawar masa da kai. Kwana tara ke nan da kilim ɗin ɗakinta shi ma ya tsaya, likita kuma ya ce hawan jininta ba ya son wannan zafi. Akwatinsa na waje yana jikin bango, taku uku daga tabon.

"Inna, ki koma inuwa mana."

"Kin ji?" Hajiya ta ɗaga yatsa. "Ya fara."

"Me ya fara?"

"Gurnanin injin ɗan nan. Kullum in rana ta take sai ya tashi."

Ɗan nan take ce masa tun yana raye, don ɗan fari ne, ba ta kiran sunansa. Ramla ta kasa kunne. Babu komai sai kukan kurciya a kan garu, amma duk da haka tsikar jikinta ta tashi.

"Inna, ki sa baki. Kin san Yaya Majid, a hannunki ya ci tuwo."

Hajiya Yagana ta dube ta, leɓenta ya motsa kamar za ta yi magana, sai ta haɗiye.

"Ki yafe min, Ramla."

"In yafe miki me?"

Hajiya ta kawar da zancen. "Dado ya aiko. Ya sayo sabuwar tukunyar injina, gobe zai zo da mai gyara daga Balbeji."

Shi Dado ba mugu ba ne, kada a ɗora masa. Dillalin shanu ne mai sakin hannu, sai dai in ya yi maka alheri yana son unguwa ta shaida. Ya gano cewa hanyar zuciyar Alhaji ta ɗakin Hajiya ta bi, ya kuwa bi ta.

Bayan la'asar Ramla ta yafa mayafi ta nufi bakin kasuwa. Rabonta da shagon Abdulmajid wata huɗu. Ta same shi shi kaɗai a tsugune gaban wani firji. Wai shagon da aka ce iskoki sun bunƙasa ke nan: benci ɗaya, da fanka mai ƙugi.

Da ya gan ta ya miƙe da sauri, yana goge hannu a jikin riga.

"Ramla, me ya kawo ki? In Baba ya ji fa?"

"Jibi za a ba da ni."

Ya mayar da idonsa kan firjin.

"Allah Ya sa alheri," ya ce a hankali.

"Abin da za ka ce ke nan?" Hawayen da ta riƙe tun daga gida suka ɓalle. "Shekara uku ina korar mutane saboda kai. An ce min mahaukaciya, an ce ka yi min asiri, mata suna janye 'ya'yansu in ka wuce, ni kuma ina tsaye ina cewa ƙarya ne. Da me zan ce ƙarya ne, Yaya Majid? Ko kalma ɗaya ba ka ba ni na riƙe ba!"

"Ki daina kuka, don Allah. Kukanki ya fi min zagin garin nan ciwo."

"To ka faɗa min. Wace iska ka je ɗaukowa?"

Ya nuna kusurwar shago. Wata doguwar butel ce ta ƙarfe a ɗaure da sarƙa, wuyanta baƙi.

"Ga ta nan. Azot sunanta. Ita muke hura wa inji bayan liƙi, mu gani ko akwai inda yake yoyo. Ba ta kama wuta, ba ta taimakon wuta. A Tanut ba a cika ta, sai Damagaram. Ranar nan tawa ta ƙare."

Ramla ta tsaya tana kallon butel ɗin, baki sake.

"Shi ke nan? Wannan ce iskar? To me ya hana ka faɗa wa mutane?"

"Na faɗa sau ɗaya, a zaman makoki. Sai aka ce, to in ba iskarka ba ce, me ya kashe shi?" Ya sunkuyar da kai. "Wannan tambayar ce ba zan amsa ba."

"Ka san amsar?"

Ya juya mata baya.

"Ka sani! Wallahi ka sani! Ka gwammace ka ga an kai ni Balbeji da ka buɗe bakinka?"

"Ramla, akwai maganar da in ta fito ba ni kaɗai za ta taɓa ba. Abdulgani ba aboki ba ne a wurina, ɗan'uwa ne. Kullum in na kunna wutar walda sai in ga kamar yana tsaye a bayana yana riƙe min bututu. Ba zan saka masa da rushe gidansu ba."

"Gidan ai ya rushe. Inna kullum tana zaune gaban bango tana jin injin da babu shi. Gobe ma Dado zai kawo wani ya taɓa nata injin, a wurin dai, taku uku daga inda..."

"Wa zai kawo?"

Muryarsa ta canza har ta tsorata.

"Wani daga Balbeji. An ce mai walda ne, yana taɓa firji."

Abdulmajid ya matso, idonsa a cikin nata.

"Ki saurare ni da kyau. Zai zo da butel mai farin wuya. Oksijen ce, aikinta hura wutar walda, ba laifi ya yi liƙi da ita. Amma in kika ga ya cire tiyonta daga bakin walda ya nufi injin da shi, kada ki bari ya buɗe. Ko me za a ce miki, kada ki bari. Ki kira ni, ina bakin layinku tun safe."

"Me zai faru in ya buɗe?"

"Ki dai kira ni."

Ranar Alhamis ba ta je lakwal ba. Da hantsi motar Dado ta tsaya a ƙofar gida, ƙamshin turarensa ya riga shi shigowa. Bayansa mai gyara ne, wani gajere mai surutu, yana mirgino butel. Wuyanta fari fat.

Saboda maza za su shigo, aka kwantar da Hajiya a ɗakin Ramla can ƙurya. Alhaji da Dado suka zauna a inuwar rumfa. Ramla ta fake da kawo ruwa, ta ƙi komawa ciki.

Mutumin yana da saurin hannu, wannan kam ba a hana shi. Kafin azahar ya ciro tsohuwar kwamfiresa ya ajiye a ƙasa, baƙin mai yana ɗiga daga bakinta yana warin ƙuna. Ya zaunar da sabuwa, ya liƙe bututun.

"Saura gwaji, Alhaji, sai sanyi," ya ce yana murmushi.

Sai ya kwance tiyo daga bakin walda, ya ɗaura shi a jikin injin.

Ramla ta danna lambar Abdulmajid a wayar da ke ƙarƙashin mayafinta, ta saki tiren ruwa, ta ruga ta tsaya tsakanin mutumin da butel ɗinsa.

"Kada ka buɗe!"

"Subhanallahi!" Alhaji ya miƙe. "Ramla, kin haukace ne?"

"Madam, matsa mana," mai gyaran ya ce. "Hura masa zan yi kawai in ji ko yana yoyo. Shekara biyar haka nake yi."

"Ba da wannan ake yi ba. Da mai baƙin wuya ake yi."

Ya yi dariya ya dubi Alhaji.

"Ji min Madam. Fari, baƙi, duk fenti ne. Iska ai iska ce."

Ramla ta ga fuskar mahaifinta ta ɗan motsa, kamar wanda aka kira sunansa daga nesa. Amma ya daure ya ce, "Haka ne. Matsa ki ba mutum wuri."

Hannun mai gyaran ya zagaya ta bayanta ya kama makunnin.

"Sake ta!"

Abdulmajid ne a tsakar gida, ko sallama bai yi ba, butel mai baƙin wuya a kafaɗarsa. Rabonsa da taka gidan shekara uku. Ya dire ta, ya fizge tiyon daga jikin injin ya yar.

"Ka gani ko, Alhaji?" Dado ya ja da baya yana tofa addu'a. "Ga shi da iskarsa har cikin gida!"

Alhaji Audi ya nuna Abdulmajid da yatsa.

"Ɗaya bai ishe ka ba? Fita min daga gida!"

"Zan fita, Baba. Amma a fitar da waccan butel ɗin tukuna."

"Ba inda za ta je. Ko ka faɗa min dalili yanzu a gaban kowa, ko ka fita a ci gaba da aiki." Ya juya ga mai gyaran. "Mayar da tiyonka!"

Mutumin ya sunkuya zai ɗauka. Abdulmajid ya dubi Ramla, ya dubi ƙofar ɗakin da Hajiya take kwance. Shirun da ya riƙe shekara uku, yau an ce ya zaɓa tsakaninsa da rayukan mutum biyar.

"Baba, akwai mai a cikin kwamfiresa," ya ce, muryarsa tana karyewa. "In oksijen ta shiga da ƙarfi ta tarar da mai a rufe, ba ta jiran ashana. Wani lokaci mutum ya yi sau goma Allah Ya tsare shi. Ranar da ta kama, tukunyar nan fashewa take yi, ƙarfen ya tashi."

"Fashewa... kamar yaya?"

Abdulmajid bai yi niyya ba, amma idonsa ya tafi kan tabon.

Alhaji ya bi idon da kallo. Ya dubi tabon, ya dubi farin wuyan butel, ya sake duban tabon. Carbinsa ya zame ya faɗi a ƙasa, bai ɗauka ba.

"Alhaji, kada ka saurari..." Dado ya fara.

"Dado, ka je. Ka tafi da mutuminka da kayansa. Zan neme ku."

Da suka fita, Alhaji ya koma ya zauna, ba a inuwa ba, a kan 'yar kujerar Hajiya da ke cikin rana. Ya ce da wata murya da Ramla ba ta san shi da ita ba, "Yi aikin. Ina son in ga yadda ake yi."

Abdulmajid ya yi bisimilla. Ya je da kansa ya duba mita, ya kashe wutar gidan gaba ɗaya, bai yarda da cewa an kashe ba. A cikin akwatin akwai wani ɗan gwangwani da yake riƙe wuta ko an kashe mita. Ya haɗa masa ƙwan fitila ya zuƙe abin da ya rage, sannan ya ciro shi ya nuna wa Alhaji yadda ya kumbura.

"Wannan ne ya kashe tsohuwar. In ba a canza shi ba, sabuwar ma zai kashe."

Ya sa sabo daga jakarsa. Ya ɗaura agogon rage ƙarfi a bakin butel ɗinsa, ya ce kowa ya matsa baya, ya buɗe kaɗan kaɗan yana kallon allura.

"Ramla, ki taimaka min da ruwan sabulu."

Ta kawo a kwano. Ya riƙa shafa kumfa a kan kowane liƙi. A na uku kumfar ta fara hura ƙwai.

Ya sauke iskar duka kafin ya kusanto da wuta. Ya naɗe bakin kwamfiresa da jiƙaƙƙen tsumma, ya bar azot tana ratsa bututun siriri don kada cikinsa ya yi gawayi, ya sake liƙin. Ya hura, ya shafa kumfa, babu ƙwai. Duk da haka ya zauna ya zuba wa allurar ido har aka kira azahar aka idar, ba ta sauka ba.

"Duk wannan jiran dole ne?" Alhaji ya tambaya.

"Dole ne, Baba. Rabin aikin nan jira ne."

Alhaji ya rufe ido.

Bayan nan Abdulmajid ya haɗa wani ɗan injin da ya zuƙe iska da laimar da ke cikin bututu, aka sake jira. Ya ɗora tukunyar gas ɗin sanyi a kan sikeli, ya zuba daidai abin da aka rubuta a jikin akwatin. Ya rufe, ya ɗaure, ya je ya ta da mita.

Injin ya yi gurnani ya kama.

Ramla ta rufe baki da mayafi. Irin gurnanin ne sak, wanda mahaifiyarta take cewa tana ji. Ta je ta kamo Hajiya ta kai ta ɗakinta ta kwantar, sanyi ya fara sauka a kan gadon. Da ta fito ta tarar mahaifinta ya tashi yana tsaye gaban tabon, Abdulmajid a durƙushe yana haɗa kayansa.

"Da ka dawo daga Damagaram," Alhaji ya ce ba tare da ya juyo ba, "ka ga butel ɗin da aka hura wa injin nan?"

"A wurin mai walda na gan ta, da tiyon gidan nan a jikinta. Na tambaye shi wa ya ara."

"Ya faɗa maka."

"Ya faɗa min."

"Ni ne." Muryar Alhaji ta tsage. "Ni na ɗauko ta a bayan motata. Ɗana ya ce min, Baba, Majid ya ce a jira shi. Na ce ni zan zauna jiran yaro, baƙina suna hanya? Na ce masa iska ai iska ce. Da bakina na faɗa, Ramla, irin yadda mutumin nan ya faɗa. Bai taɓa yi min musu ba tun yana ƙarami. Ya karɓa, na fita, ko masallaci ban kai ba..."

Ramla ta zube a ƙasa tana kuka. Tunda take ba ta taɓa ganin hawayen mahaifinta ba.

"Abin yakan zo min a rai," ya ci gaba, "sai in kore shi. Da aka ce iska ce, na kama da hannu biyu. Na zage ka a masallaci, na zage ka a kasuwa, na hana ka 'yata. Kana ji kana gani. Me ya sa ka yi shiru?"

"Baba, ba ka sani ba ne. Ni ya kamata in faɗa masa dalilin jiran, ban faɗa ba, na ce a jira kawai na tafi. Wannan nawa ne, da shi nake kwana. Kuma na duba, in na yi magana, da wane ido za ka dubi Inna? Ni zagi kawai zan sha."

Alhaji ya juyo ya kama hannunsa ya ɗaga shi tsaye.

"Gobe Juma'a ka turo manyanka. Ni yau zan je Balbeji da ƙafata in ba mutane haƙuri. Bayan salla kuma zan tsaya in wanke ka, in ce kuskuren aiki ne, ba iskoki ba." Ya rage murya. "Alfarma ɗaya nake roƙo, ku biyun. Kada Yagana ta ji wanda ya kawo butel ɗin. Zuciyarta ba za ta ɗauka ba."

Ramla ta ɗago. Abin da ta roƙa shekara uku ga shi an ba ta, amma ta kasa jin daɗin da ta zaci za ta ji.

"Alhaji."

Su duka suka juya. Hajiya Yagana tana tsaye a bakin ƙofarta, ta dafa ƙyaure, sanyin ɗakin yana fitowa ta gefenta.

"Hajiya, koma ki kwanta, ba komai..."

"Ni na ji kafin kowa, Alhaji."

Ta tako a hankali har ta zo gaban tabon, inda take zama kullum.

"A nan na tallafi kansa. Ba 'iska ce' kawai ya ce ba. Cewa ya yi, 'Inna, iskar da Baba ya kawo ce. Kada ki faɗa masa.' Sau biyu ya maimaita, kada ki faɗa masa. Da mutane suka taru suna tambayata, na rasa yadda zan yi, sai na gutsura musu kaɗan na riƙe sauran. Ban san abin da za su yi da ita ba. Kafin in farga sun rataya wa yaron nan."

"Inna..." Ramla ta kasa ƙarasawa.

"Ina ji ana zaginsa. Ina kallonki kina ramewa. Kullum sai in ce yau zan faɗa, in zo nan in zauna, sai injin ya tashi a kunnena, in ji muryarsa a ciki." Ta juya ga Abdulmajid, ta fara durƙusawa. Ya yi sauri ya riga ta kai gwiwa ƙasa yana kuka.

"Don Allah, Inna, kada ki yi."

"Ka yafe min, ɗana. Amana aka ba ni, da kai na biya ta."

Alhaji Audi ya juyo ya dube ta.

"Shekara uku kina miƙo min tuwo da hannunki, Yagana. Kin sani?"

"Na sani."

"Kuma ba ki taɓa..."

"Abdulgani ne ya roƙe ni."

Ramla ba ta taɓa jin sunan yayanta a bakin mahaifiyarsu ba sai yau.

Injin yana ta gurnaninsa a jikin bango. Alhaji Audi ya taka taku ukun nan, ya ɗora tafin hannunsa a kan tabon, ya kifa goshinsa a kai.